Tambayi Gwaggo: Miyar Gida a Ƙasar Wasu

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso mini Garwa a wannan wata yawancinsu daga waje suke, kuma kukansu ɗaya ne, kukan ciki. Na tsamo biyar, na rage tsawon wasu don fili ya ishe mu. Masu tambayar gyaran jego da maganin sanyin ƙashi su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Gwaggo, ina wuni. Ni 'yar Garwa ce, unguwar Lopere. Bara aka ɗaura mini aure aka kawo ni wani ƙaramin gari kusa da Liyon a Faransa. Garar da Inna ta haɗo mini ta ƙare tun kafin azumi. Maigida ya kai ni shagon 'yan Afirka, sai na tarar da ndole da bobolo da ayaba da manja, duk abincin mutanen kudu. Na tambayi tasba da gubudo, wato ganyen tafasa da karkashi, mai shagon ya saki baki yana kallona. Yanzu ga ƙaramin ciki, ba abin da raina ke so sai tuwon dawa da miyar folere, wato yakuwa. Taliya da burodi sun fita kaina. Yaya zan yi?
*Ɗiyarki a Faransa*

Lafiya lau ɗiyata, Allah ya raba lafiya. Mai shagon nan ba shi da laifi. Shago bakin masu saye yake bi, kuma 'yan Kamarun da suka cika Faransa yawancinsu daga Duwala da Yawunde da ƙasar Bamileke suka fito. Mu 'yan arewa ba mu kai yawan da wani zai cika kwantena saboda mu ba. Saboda haka ki daina neman tutar Kamaru a ƙofar shago. Ki nemi mutanen da ranarsu da ƙasar nomansu suka yi kama da namu, don su ne ke cin abin da muke ci: 'yan Mali, 'yan Senegal, 'yan Burkina, Sudanawa, Misirawa, har da Indiyawa. A Liyon duk za ki same su a unguwar Guillotière, tsallaken kogin Rhône. In wata rana kun shiga Paris, ku sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Château Rouge, ku bi layin Dejean da na Poulet, sannan ku taka zuwa La Chapelle inda shagunan Indiyawa suke jere.

Ki kwafi waɗannan a takarda ki tafi da ita, don da sunan da ke jikin leda ake ciniki. A wajen Indiyawa gero shi ne bajra, dawa jowar, tamba ragi, tsamiya imli. A wajen Larabawa ki buɗe firigon daskarewa ki ɗauko mulukiya, ita ce lalonmu, an riga an wanke an yanka a Masar, zubawa kawai za ki yi. Zoɓo kuwa karkade ne a wajensu, bissap a wajen 'yan Senegal. Daddawar kalwa 'yan Mali da Burkina suna rubuta ta soumbala, 'yan Senegal netetu, Yarabawa iru. Ki lura da abu ɗaya: ledar da 'yan Senegal suka rubuta wa lalo garin kuka ne a ciki, bokko ke nan da Fulatanci. In kuka kike nema kin dace, in lalo kike nema ki mayar. Busasshiyar kuɓewa tana nan a shagunan 'yan yammacin Afirka, Sudanawa kuma weka suke ce mata.

Folere ita ce mai ɗan wuya, don ɗanyen ganye ba ya jure tafiya. Wani lokaci Indiyawa kan kawo shi da sunan gongura, in kin gani ki kwashi da yawa, ki tsinke, ki tsoma a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, ki matse, ki ƙulla a ƙananan ledoji ki daskarar. In babu, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki: Faransawa suna da wani ganye mai tsami da suke kira oseille, ana samunsa ɗanye a kasuwar mako lokacin zafi, daskararre kuma a manyan kantuna. Ya fi yakuwarmu saurin narkewa, yana taɓa wuta sai ya zama kamar kunu, don haka ki haɗa kashi ɗaya nasa da kashi biyu na alayyafonsu, ki zuba a ƙarshe bayan nama da niƙaƙƙiyar gyaɗa sun haɗe jiki. Ba ya buƙatar kanwa. Dama mai ciki ta rage kanwa, zoɓo mai kauri ma sai kin tambayi ungozomarki. In kuna da baranda, masu sayar da iri a can suna da irin yakuwa. Ki shuka a tukunya bayan tsakiyar watan Mayu in sanyi ya ja jiki, za ki ci ganye har Satumba, ko da yake sanyi zai cim mata kafin ta yi zoɓo.

Yanzu tuwo, wanda shi ne ainihin abin da ya sa kika rubuto. Garin jowar na Indiyawa da dusarsa aka niƙa shi, domin su gurasa suke yi da shi. Mu kuwa kin san sai an surfa, an bakace, an wanke, an shanya, sannan a kai inji. Shi ya sa in kin tuƙa nasu yadda kika saba, sai ya fito da duhu, ya ƙi danƙo, ya dinga tsagewa a mara. Ki tankaɗe shi da rariya mai laushi tukuna. Ki yi talge da ruwa-ruwa, ki rufe, ki bar shi ya dahu fiye da yadda kike barin na gida, sai ƙanshin ɗanyen gari ya ɓace gaba ɗaya. Garin da za ki tuƙa da shi ki cakuɗa masa garin rogo ko sitaci, kamar cokali uku a kowane kofi biyu, shi zai ba shi danƙo. Bayan tuƙi ki yayyafa ruwa, ki rage wuta, ki bar shi ya sulala. Murhun lantarki yana kama gindin tukunya da wuri, don haka ki samu tukunya mai kaurin gindi. Muciya kuwa ki sa a kawo miki ta gida, cokalin katakon Turawa ba zai kai wata ba zai karye a hannunki.

Garin gero yana saurin ɗaci saboda man da ke cikin ƙwayar, kuma ba ki san watannin da ledar ta yi a kan kanta ba. Gara ki sayi tsabar bajra, ki wanke, ki jiƙa, ki niƙa a injin markaɗe na kicin in za ki yi kunu ko fura. In garin kika saya, wurinsa firigo. Tuwon shinkafa da waina ba su da matsala, ki nemi gajeriyar shinkafa mai zagaye ko karyayyiya irin ta 'yan Senegal, ki bar basmati ga masu dafa-duka. Tanda ma akwai madadinta, Indiyawa suna da kasko mai ramuka na wainarsu, mutanen Holan ma haka. Nono kuwa, yogot marar sukari na Turkawa ko lben na mutanen Maroko ya isa dama fura.

Amma kada in ruɗe ki. Muskuwari, dawar ranin nan da aka dasa a karal, wato filayen laka na ƙasar Marwa, bayan ɗaukewar ruwa, ta rayu da danshin laka kaɗai har aka girbe ta wajen Fabrairu, safrari mai ruwan ɗorawa ko majeri fara, ɗanɗanonta ba ya cikin ledar kowa. Haka tasba, haka gubudo, haka daddawar batso ta irin yakuwa da mutanen duwatsun Mandara ke kira mbuja. Waɗannan ukun na ƙarshe su za ki roƙi Inna ta aiko, kuma dukkansu ba su da nauyi. Ki karanta amsar da na ba Hajiyar Kusiri a ƙasa ki tura mata.

Gwaggo, ni ɗalibi ne daga Ngaundere, ina karatu a Beljiyam. Da zan dawo daga hutu na sayi kilishin jaka talatin, na sa aka naɗe shi a takarda da leda, Mama ta ƙara mini kwalbar man shanu. A filin jirgi 'yan duwan, wato kwastan, suka buɗe jakata suka kwashe duka suka jefa a kwandon shara a gabana. Abokaina sun ce su suna wucewa da shi. Wannan ba wariyar launin fata ba ce? Kuma yaya zan yi in wuce da shi nan gaba?
*Ɗanki mai baƙin ciki*

Ɗana, kilishin Ngaundere na jaka talatin a kwandon shara, ni ma sai da na ji abin a ƙirjina. Amma tambayarka ta biyu ba zan amsa ta yadda kake so ba. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara, ko abin da aka yi da su, daga ƙasashenmu. Ba ruwanta da busasshe ne ko soyayye, ko an zuƙe iskar ledar. Kilishi, dambun nama, soyen layya, sharmut na mutanen Chadi, man shanu, cuku, duk hukuncinsu ɗaya, kuma ko ta gidan waya aka aiko haka ne. Ingila ma haka take yi wa namanmu. Bature ɗan ƙasar in ya dawo da nama daga Afirka shi ma ƙwacewa za a yi. Ko ana yawan tsayar da baƙar fata fiye da fari, wannan wata magana ce, kuma ban ce ba a yi ba, amma da suka buɗe jakarka doka ce a hannunsu.

Dalilin kuwa kai ɗan Adamawa ka fi kowa saninsa. Cutar baki da kofato, wadda makiyayanmu ke kira mboru, mu mun saba da ita, takan zo ta gurgunta garke ta wuce. Su can sun kashe dukiya mai yawa sun kawar da ita. A 2001 ta ɓulla a Birtaniya daga wata gonar aladu da ake ba ragowar abinci, kafin a shawo kanta sai da aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Wanda ya ga haka ba zai tsaya yana tantance kilishin wane mahauci ne mai tsabta ba. Abokanka sa'a suka yi. Kai ma sa'ar ka yi da aka tsaya a ƙwacewa, don dokar ta yarda a ci tara, kuma ɗalibin da ke sabunta takardar zama kowace shekara ba ya neman sunansa a littafin duwan.

Ga abin da da ka cika jakar da shi. Kifi, busasshe ko banda, an yarda mutum ɗaya ya shiga da har kilo 20. Kilo ashirin fa, na tarwaɗar Lagdo ko karfasar Maga ko salangar Logon, amma yaranmu sai su bar halal su ɗauki abin da za a ƙwace. Zuma kuma har kilo 2, ga ta a Adamawa kamar a kyauta. Ɗanyen kayan lambu da na marmari ne suka koma hannun hukuma: tun 14 ga Disamba 2019 sai da takardar lafiyar tsirrai, in ban da ayaba, abarba, kwakwa, dabino da wani ɗan itacen Asiya mai suna duriyan. Ke nan mangwaro da yalo da ɗanyen attaruhu a ci su a gida kafin a tashi.

Kilishi kuwa ka koyi yin abinka. A Buruksel mahautan halal sun cika kasuwar mayanka ta Anderlecht daga Juma'a zuwa Lahadi. Ka sayi tsokar cinyar sa marar kitse ko kaɗan, don kitse ne ke sa shi wari. Ka sa ta a gidan ƙanƙara kamar awa ɗaya ta ɗan sandare, a lokacin wuƙa za ta ba ka shimfiɗa siririya ko ba ka gaji fawa ba. Ka jera a kan wayar tanderun kicin, wuta a digiri 70 zuwa 80, ka sa cokalin katako a bakin ƙofar don tururi ya fita, har naman ya bushe ya yi ƙarau. Sai labu: tunkuza, markaɗaɗɗiyar albasa, citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, gishiri, dunƙule, ɗan sukari, a dama da ruwa ya yi kaurin kunu. Man gyaɗar burodi na kanti bai yi ba sai ka murza shi da ɗan ruwan zafi ka matse man ya fita, in ba haka ba kilishin zai yi laushi yana naso. Mafi sauƙi ka taho da ƙuli-ƙuli daga gida ka daka, shi ba mai hana ka. Ka tsoma naman a labu ya sha, ka mayar tanderu ya sake bushewa, a ƙarshe ka ɗaga wutar na 'yan mintoci ya gasu. Hayaƙin itace da iskar hunturu ba za su fito a ciki ba, amma ranar da ka kai shi taron ɗalibai ba za ka dawo da ko ɓarɓashi ba. Man shanu ma ka narka bota marar gishiri a wuta kaɗan-kaɗan da cokalin yogot da yankan albasa, har ruwan ya ƙone albasar ta yi ja, ka tace.

Hajiya, barka da aiki. Ni tsohuwa ce a Kusiri, jikata ce ke rubuta mini. Ɗana yana Montreyal a Kanada da iyalinsa. Wani maƙwabcinmu zai tafi can ya ce zai ɗaukar mini kilo biyar. Na yi niyyar sa garin dawa, wake, dunƙulen maggi da soyayyen nama. Wancan karon kukar da na aika ta isa da fumfuna. Ki ba ni shawara.

Yaya Hajiya, barka kadai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Da izininki zan sauke duk abin da kika lissafa daga cikin jakar. Nama ba ya shiga Kanada daga nan, kuma wanda bai bayyana abincin da ya ɗauko ba ana iya cinsa tara har dalar Kanada 1300, kin ga mun saka wa maƙwabci alheri da sharri. Wake da garin dawa da dunƙule suna nan a Montreyal, a shagunan unguwar Côte-des-Neiges da kewayen kasuwar Jean-Talon. Kilo biyar ɗin nan tsada gare shi, kada a ɓata shi a kan abin da surukarki za ta saya a ƙafa.

In ni ce, ga yadda zan raba. Tasba da karkashi su ɗauki kaso mafi girma, sai kuka, sai busasshiyar yakuwa, sai kuɓewar da kika yanka kika shanya da hannunki. Daddawa rabin kilo ta isa shekara. Tunda a bakin Njamena kike, in ɗanki ya saba da kawal, daddawar nan ta ganyen tasba, a tsallaka gada a samo masa mai kyau. Ragowar nauyin a cika da yaji, wanda kika daka da kanki, don shi ne abin da kuɗi ba ya saye a can. Gwangwanin madara ɗaya na garin kuka yana yi wa gida miya sau da yawa, alhali kilon gari tuwon kwana biyu ne.

Fumfuna kuwa danshi ne. Kukar kasuwa sau da yawa ba ta gama bushewa ba ake dakawa, wani lokaci ma an haɗa ta da wani ganye don ta yi auki. Ki sayi ganyen da ba a daka ba, ki shanya a inuwa a kan tabarma inda iska ke wucewa, ba a tsakar rana ba, rana tana cinye koren ta bar miki ruwan ƙasa. Ki murza a tafin hannu: in ya yi ƙaras ya zama gari ya bushe, in ya lanƙwashe da saura. Sannan a daka, a tankaɗe, a bar shi ya huce kafin a ƙulle, don gari mai ɗumi in ya shiga leda gumi yake yi. Lokacin wannan aiki daga Disamba zuwa Maris ne. Kayan da aka haɗa a Agusta, ruwa na zuba, da wuya su isa lafiya. Daddawa a ƙara shanya ta har ta yi tauri, a daka da ɗan gishiri, a zuba a roba mai murfi, a naɗe bakin. Ƙuli-ƙuli in za a sa, a yi shi da gyaɗar da aka tsince aka zubar da ruɓaɓɓu da masu ɗaci, don a cikinsu dafin da ke lalata hanta yake.

Kowane ƙulli a sa shi a farar leda da ake ganin ciki, jikarki ta rubuta sunansa da Faransanci ta manna: ganyen baobab, gombo, da sauransu. Ma'aikacin duwan da ya ga koren gari ba suna dole ya yi zargi. Kanwa kada ki sa ma sam, farin dutse a jaka jan magana ne, kuma hodar bikarbonat da ake sayarwa a kowane kanti tana yin aikinta. Tsabar da za ta iya tsirowa ita ma a bar ta. Ki gaya wa maƙwabcin ya amsa cewa yana ɗauke da abinci in an tambaya, ya nuna, su duba. In kaya sun isa, surukarki ta sa su a gidan ƙanƙara na mako guda, duk ƙwan ƙwaron da ya biyo su zai mutu.

Gwaggo, ina Jamus. Duk ranar da na yi miyar kuka da daddawa da banda sai maƙwabciyata ta sama ta buga mini ƙofa. Abin da ya fi damuna, yarona ya ce yara a makaranta sun ce rigar sanyinsa tana wari. In daina ne?
*Maman yara biyu*

Kada ki daina, ki canza hannu. Gidajensu a toshe suke saboda sanyi, abin da iskar tsakar gida ke kwashewa a nan, a can labule da riguna ne ke shanye shi. Warin daddawa yana tashi ne in an gasa ta ko an jefa ta a mai mai zafi. Ki riƙa zuba dakakkiya a cikin ruwan miya bayan ya tafasa, ki rufe tukunya. Banda ki jiƙa ta a ruwan zafi da gishiri a kwano mai murfi, ki gyara, ki zubar da ruwan nan take, ƙayar kuma ki fitar da ita waje a ranar. Ki rufe ƙofar kicin, ki kunna na'urar zuƙar hayaƙi tun kafin ki ɗora tukunya, taga a buɗe ko ana ƙanƙara. Rigunan sanyi da jakar makaranta su koma ɗakin da ya fi nisa da kicin, wannan shi ne maganin kukan yaron. Ki yi miyar da yawa sau ɗaya ki raba a robobi ki daskarar, ɗumame ba ya tashin unguwa. Kuma don Allah kada ki ce za ki kore warin da turaren wuta a kasko, na'urar gobara da ke manne a rufi za ta tara miki jama'ar da ta fi maƙwabciya ɗaya.

Gwaggo, ni ɗan kasuwa ne a Njamena, nakan je Jidda sarin kaya in haɗa da Umra. Duk tafiya sai 'yan unguwa sun cika mini zaure da saƙon abinci zuwa ga 'yan'uwansu a Makka, wasu a naɗe da salatif ba a ganin ciki. In na ce zan buɗe sai a ce na raina mutane. Wata dattijuwa ma goro ta kawo. Ina jin nauyinsu.
*Alhaji daga unguwar Ridina*

Alhaji, Allah ya tsare hanya. Maganarka ta wuce ta abinci. Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma jakar da ke ɗauke da sunanka kai ne mai ita a gaban alƙali, ba wanda zai nemi mai saƙo a Ridina. An sha ɓoye ƙwaya a cikin garin kuka da dunƙulen daddawa da cikin busasshen kifi, kuma sau da yawa tsohuwar da ta kawo maka ita ma ba ta sani ba, wani ne ya ba ta. Kunyar marar kunya asara ce. Ka kafa ƙa'ida ɗaya ga kowa, har da surukarka, don kada wani ya ce shi aka ware: a kawo saƙo a buɗe, kwana biyu kafin tafiya, a juye a faranti a gaban mai shi, kai ka ƙulla a ledarka. Wanda ya zo da naɗaɗɗen kaya a daren tafiya ko a filin jirgi, ka ba shi haƙuri. Goro kuwa hukumomin alhazai suna gargaɗi a kansa kowace shekara, ka mayar wa dattijuwar abinta da girmamawa, ka ce hukuma ce ta hana, ba kai ba.

Wani abin ma, yawancin saƙon nan kai ruwa rafi ne. Hausawa sun daɗe a Makka da Jidda da Madina tun zamanin da ake tafiya a ƙasa, a bi ta Kusiri a haye Fort-Lamy, sunan garinku kafin 1973, a wuce Abeshe da Janaina da El Obeid har Sawakin a bakin Bahar Maliya, ana yada zango ana noma ana sana'a shekara da shekaru. Waɗanda suka zauna a hanya su suka bar wa Sudan agashe, waɗanda suka isa suka koya wa mutanen Hijaz cin tsire. Jikokinsu suna nan suna sayar da tuwo da waina da fura, kuka da kuɓewa da daddawa kuwa ana auna su a unguwanninsu kamar a kasuwar gero ta Njamena. Mai son ya kyautata wa ɗan'uwansa a can ya ba ka kuɗin ka miƙa masa ya saya.

In ka ga dole ka ɗauki wani abu don zumunci, ka ware kilo uku kacal daga cikin 23 na jaka ɗaya, ka sanar a masallacin unguwa cewa iyakarsa ke nan, wanda ya riga ya riga. Ka karɓi busasshen ganye da yaji da kawal kawai, ka rubuta sunan mai saƙo da lambar wayar mai karɓa a jikin kowace leda, jakar kuma kada ta bar hannunka har ta hau sikeli.